Kaya Su Wuce, Mutum Ya Tsaya: Kasuwancin Kudancin Nijar a Zamanin Annobar Korona

1. Gabatarwa

A watan Disamba 2019 wata sabuwar cuta ta numfashi ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin. Ran 11 ga watan Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shela cewa cutar nan, wadda ta yi suna da Korona, ta zama annoba ta duniya duka. Tun da a lokacin babu allurar rigakafi, babu kuma tabbataccen magani, dabarar da ta rage wa gwamnatoci ita ce raba mutane da juna, watau rufe iyakoki, tsai da motoci da hana taro. Jamhuriyar Nijar ta kama wannan hanya tun kafin a sami mutum na farko mai cutar a cikin ƙasa.

Dokokin da aka kafa sun tsaya bisa wani bambanci guda: an bar kaya su wuce, an hana mutum tafiya. A takarda bambancin nan daidai yake, gama mutum ke ɗaukar cuta, buhu ba ya ɗauka. Amma a Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, yawancin kaya tare da mai su suke tafiya. Shi ya sa nauyin doka ya sauka a kan ƙananan ƴan kasuwa fiye da manya, shi ya sa kuma dokar dare, da ta masallatai, da killace Yamai ba su cika wata 2 ba aka janye su.

2. Ƙasar da cinta ke bisa hanya

Kudancin Nijar da arewacin Najeriya kasuwa ɗaya ce tun kafin a ja iyaka. Sarakunan Katsina na Haɓe ne suka kafa Maraɗi a farkon ƙarni na 19, bayan da masu jihadi suka karɓe Birnin Katsina. A cikin ƙarnin nan kuma Damagaram ta zama babban zango na ayarin da ke tsakanin Kano da Tarabulus. Yarjejeniyar Faransa da Ingila ta 1898, da ta 1904, da ta 1906 su suka tsaga ƙasar biyu, har aka sami iyaka mai tsawon wajen kilomita 1,500, amma fatauci bai yanke ba. Ƴan kasuwa suna bin ranakun kasuwa kamar yadda kakanninsu suka bi: Lahadi a Jibiya, Litinin da Jumma'a a Maraɗi, Laraba a Birnin Ƙonni, Alhamis a Damagaram da Maigatari. Daga Nijar dabbobi ke sauka, da wake, da aya, da riɗi, da albasa. Daga Najeriya masara ke hawa, da gero, da man fetur, da kayan masana'antu. A 1979 ƙungiyar CEDEAO, wadda Nijar ke cikinta a zamanin, ta amince wa ƴan ƙasashenta su shiga ƙasashen juna ba tare da biza ba.

Hanyar da ke kawo arziki ita ce kuma ke kawo cuta. Murar 1918, wadda Hausawa da yawa ke tunawa da sunan Marisuwa, ta jirgin ruwa ta sauka Ikko a watan Satumba na shekarar, sa'an nan ta bi jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano tun 1911, ta watsu cikin ƙasar Hausa. Hukumar Turawa a Ikko ta yi ƙoƙarin killace gidajen marasa lafiya, sai mutane suka tsorata suka gudu zuwa garuruwansu, suka tafi da cutar. An ƙiyasta mutum wajen 500,000 suka rasu a Najeriya kaɗai. Bayan shekara 102 abin ya sake kama da haka. Mutum na farko da aka tabbatar yana da Korona a Nijar, ran 19 ga watan Maris 2020, ma'aikacin wani kamfanin motocin fasinja ne mai shekara 36, wanda ya biyo ta Lome, da Akara, da Abijan, da Wagadugu. Saboda haka tsoron da hukuma ta yi wa matafiyi yana da tushe.

3. Rufe iyaka kafin annoba

Mutanen kudu sun san rufe iyaka tun kafin Korona. A watan Afrilu 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Najeriya na ƙasa sa'ad da take canjin kuɗi, ba a buɗe ba sai watan Maris 1986. Rufewar ta zo daidai da farin 1984, hatsin da aka saba sayowa daga kudu ya yi wuya, har mutanen Maraɗi da kewaye suka laƙaba wa yunwar shekarar suna El Buhari. A watan Agusta 2019 kuma, a mulkinsa na farar hula, Buhari ya sake rufe iyakokin don hana fasa-ƙwaurin shinkafa. A watan Nuwamba na shekarar aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka.

Wannan rufewa ta taɓa Maraɗi ƙwarai, domin tun zamanin yaƙin basasar Najeriya, daga 1967 zuwa 1970, alhazan garin suka ƙware wajen sayo kaya ta tashar jirgin ruwa ta Kwatano su wuce da su Najeriya. Sa'ad da Korona ta iso, mashigin Ɗan Isa da Jibiya, da na Ƙonni da Illela, sun riga sun yi wata 7 a rufe. Watau annoba ta tarad da ƴan kasuwa sun riga sun ci rabin jarinsu, ta kuma tarad da ɓarayin hanyoyi na cikin daji a buɗe, ƴan kabu-kabu sun san kowace ɗaya.

4. Dokokin watan Maris 2020

Ran 17 ga watan Maris shugaban ƙasa Mahamadu Isufu ya yi wa jama'a jawabi. Daga ran 19 da tsakar dare aka rufe filayen jirgin sama na Yamai da Damagaram ga jiragen waje, ban da na kaya, da na asibiti, da na soja. Aka rufe iyakokin ƙasa duka, ban da motocin kaya. Aka rufe makarantu tun daga na ƙananan yara har jami'a, da mashaya, da gidajen rawa, da na silima. Aka hana taron da ya wuce mutum 50, har da biki da suna. Cikin ƴan kwanakin da suka biyo baya aka tsai da manyan motocin fasinja, aka kuma dakatar da sallar jam'i a masallatai da taron coci.

Ran 27 ga wata shugaban ya sake jawabi, ya kafa dokar ta-ɓaci ta lafiya. Daga ran 28 aka hana fita a Yamai daga ƙarfe 7 na maraice zuwa 6 na safe. Daga ran 29 aka killace birnin, ba shiga ba fita sai motar kaya ko mai takardar izini. Don rage raɗaɗi, gwamnati ta ɗauki nauyin kuɗin ruwa da na lantarki na watan Afrilu da Mayu ga masu ƙaramin amfani, ta sassauta haraji ga kamfanonin sufuri da otal-otal, ta ƙara yawan hatsin da ake rabawa kyauta da wanda ake sayarwa da rahusa. Aka kuma saki fursunoni 1,540 don rage cunkoso, cikinsu har da madugun adawa Hama Amadu. Kasuwanni kuwa ba a rufe su ba, sai dai an umarci a wanke hannu, a bar tazarar mita 1 tsakanin mutum da mutum.

A ƙetaren iyaka abin ya fi tsanani. An kulle birnin Kano daga ran 16 ga watan Afrilu, kasuwar hatsi ta Dawanau da ta tufafi ta Kantin Kwari suka daina ci yadda suka saba. Gwamnatin Najeriya ta hana tafiya daga jiha zuwa jiha, ba ta ɗage ba sai ran 1 ga watan Yuli.

5. Wanda doka ta bari da wanda ta tsayar

Babban ɗan kasuwa yana da babbar mota, da direba, da takardun duwan, da wakili a kowace tasha. A 2020 yana iya zama a Maraɗi kayansa su taso daga Kwatano su biyo ta Gaya su iske shi. Irin wannan fatauci doka ta bar shi, ko da yake an sami jinkiri a shingaye da ƙarin kuɗin mota. Ƙaramin ɗan kasuwa kuwa buhu 2 ne gare shi ko 3, ko tumaki 5, ko ƙullin atamfa. Motar fasinja ita ce motar kayansa, yana zaune ciki kayan suna bisa rufi. Shi zai kai, shi zai yi ciniki, shi zai karɓi kuɗi ya sayo wani abu ya komo da shi. Ran da aka tsai da fasinja, ran nan aka tsai da kayansa, ko da doka ba ta ambace su ba.

Tashar mota kuma gari guda ce. Ban da direba da yaron mota akwai ƴan kamasho, da ƴan dako, da masu faci, da ƴan canji, da mata masu tuwo da fura, da yara masu tallan ruwa. Dukansu hannu baka hannu ƙwarya suke, abin da aka samu yau shi za a ci yau. Daga Yamai zuwa Damagaram wajen kilomita 900 ne, kuma a Doso, da Dogon Dutsi, da Ƙonni, da Madawa, da Maraɗi, da Tasawa akwai gidajen da tukunyarsu ba ta hawa murhu sai mota ta tsaya.

Lokacin da dokar ta faɗo ma ya ƙara mata nauyi. Watan Maris zuwa Mayu shi ne lokacin cirar albasa a Galmi, da Madawa, da sauran fadamun Tawa. Albasar Galmi ana kai ta Gana, da Kodebuwa, da Togo, da Binin, kuma cinikinta na ido da ido ne: mai saye yakan zo da kansa ya sauka gidan dillali, ya duba kaya, a yi ciniki bisa amana da bashi. An yarda motar albasa ta wuce, amma mai saye ba shi da hanyar zuwa. Albasa kuwa ba ta jira, in ta daɗe cikin zafin bazara sai ta rube, manomi ya sayar da ita yadda ta samu.

Haka makiyaya. Bazara ce lokacin da rumbu ke yin ƙasa, ciyawa ta ƙare, mai dabba ya sayar da rago ya sayi gero da dusa. Babban mai sayen dabbobin Nijar Najeriya ce, ga iyakarta a rufe ta fuska biyu, ga kuma naira ta faɗi saboda karyewar farashin man fetur a kasuwar duniya. Dillalin Najeriya da ya samu ya ɓullo ta daji da ƙyar, kuɗin da ke hannunsa ba su da ƙarfin da suke da shi a da in an juya su sefa. A lokaci guda kuma gero da masara suna hawa, domin hatsin Dawanau da Jibiya ba ya isowa sai ta ɓarauniyar hanya, kowane shinge da kuɗinsa.

Sai ƴan cin rani. Kowace shekara bayan girbi dubban samari daga Tawa, da Maraɗi, da Damagaram sukan tafi Najeriya, da Kodebuwa, da Gana, da Libiya, da Aljeriya, su aiko da kuɗi, su komo a watan Mayu ko Yuni don shuka. A 2020 aikin ya tsaya a can inda suke, hanyar gida kuma ta rufe. Gidan da ke jiran aike don cike giɓin rumbu ya rasa aiken, ya kuma yi fargaban rasa mai huɗa.

Taimakon gwamnati ma wannan layi ya bi. Yafe kuɗin lantarki sai mai mita, alhali a lokacin waɗanda ke da lantarki a ƙasar ba su kai mutum 1 cikin 5 ba. Sassaucin haraji sai mai rajista a ofishin haraji. Takardar izinin fita Yamai sai wanda ya san ofis ya kuma iya nema. Wanda ya so ci gaba da ciniki daga nesa kuwa, dole ya yi oda ta wayar salula, ya aika kuɗi ta kamfanonin aike irin su Nita da Al Izza, ya karanta rasit, ya riƙe lissafi a rubuce. A ƙasar da manya masu iya karatu da rubutu ba su wuce wajen 1 cikin 3 ba, kuma dokoki da takardun hukuma da Faransanci suke fitowa, wannan ƙofa ƙalilan ne ta buɗe wa. Sauran jama'a ta rediyo suka ji doka, da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa, amma takardar da za a nuna wa jandarma a shinge ba da harshensu aka rubuta ta ba.

6. Dare, masallaci da kasuwa

A bazara zafin Yamai yakan wuce digiri 40, saboda haka rabin cinikin gari da dare ake yin sa. Mai shayi, da mai tsire, da mai gasa kaji, da mai tireda, da ɗan taksi, duk bayan magariba kasuwarsu ke buɗewa. Dokar da ta ce kowa ya shiga gida ƙarfe 7 ta ɗauke musu lokacin samu gaba ɗaya. Ga shi kuma mutane suna ganin Babbar Kasuwa da Katako cike da rana, kafaɗa da kafaɗa, masallaci kuwa a kulle. Hukuma tana da hujjarta, gama in an rufe kasuwa gari ba zai ci abinci ba, amma hujjar ba ta shiga kunnen jama'a ba.

Tun a ƙarshen watan Maris matasa suka tayar da tarzoma a Mirya, kusa da Damagaram, saboda hana sallar jam'i. Daga ran 17 zuwa 19 ga watan Afrilu, ana saura ƴan kwanaki azumi, rikici ya ɓarke a unguwannin Yamai, musamman Lazare, aka ƙona tayoyi aka tare tituna, ƴan sanda suka kama fiye da mutum 100. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa: cutar ba a ganin ta, amma ana ganin ɗan sanda a bakin titi. A jajibirin azumi gwamnati ta rage dokar dare, ta mai da ita daga ƙarfe 9 zuwa 5 na asuba, don mutane su sami sararin buɗa baki da ɗan ciniki.

Duk da haka cutar gaskiya ce. Ran 3 ga watan Mayu ta kashe ministan ƙwadago Mohamed Ben Omar, a cikin watan kuma aka ga ta ƙaru a jihar Damagaram, maƙwabciyar Jigawa.

7. Buɗewa

Ran 13 ga watan Mayu aka buɗe masallatai da coci-coci, aka janye dokar dare. Ran 15 aka cire wa Yamai killacewa, motocin fasinja suka koma hanya. Ran 1 ga watan Yuni yara suka koma makaranta. Watau killace babban birni bai cika mako 7 ba. A ƙarshen watan Mayu waɗanda aka tabbatar sun kamu a ƙasa duka ba su kai 1,000 ba.

Dokokin waje kuwa sun daɗe. An buɗe filayen jirgin sama ran 1 ga watan Agusta 2020, bisa sharaɗin takardar gwaji. Hajjin shekarar ba a yi shi da maniyyatan waje ba, haka ma na 2021, kamfanonin jigilar alhazai da masu ɗinki da masu guzuri suka rasa kasuwar shekara 2. Najeriya ta buɗe mashigai 4 ran 16 ga watan Disamba 2020, cikinsu har da Illela da Maigatari. A 2021 ƙasashen yammacin Afirka masu kuɗin sefa suka daidaita kuɗin gwaji, jika 25 ga mai bin jirgi, jika 5 ga mai bin mota. Nijar ba ta buɗe iyakokinta na ƙasa ga matafiya ba sai watan Yuni 2021, bayan wata 15. Ke nan mai kuɗin jirgi ya riga mai bin mota samun hanya da fiye da wata 10. A tsawon lokacin nan talaka bai daina ƙetarawa ba, sai dai ta daji yake bi, a bayan babur, da kuɗi ninki, inda babu ma'aikacin lafiya ko ɗaya da zai auna zafin jikinsa.

Bisa lissafin Bankin Duniya, haɓakar arzikin Nijar ta sauka daga kashi 5.9 cikin 100 a 2019 zuwa kashi 3.6 a 2020. Sa'ad da Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye shelar gaggawa ran 5 ga watan Mayu 2023, waɗanda aka rubuta sun kamu a Nijar ba su kai 10,000 ba, mamata kuwa sun ɗara 300 kaɗan. Masana suna danganta ƙarancin nan da ƙuruciyar jama'a, tun da wajen rabin mutanen ƙasa ba su kai shekara 15 ba, da kuma ƙarancin gwaji a karkara.

8. Kammalawa

An tsara dokokin 2020 bisa misalin ƙasashen da albashi ke shiga banki, kaya kuma ke tafiya da takarda ba tare da mai su ba. A kudancin Nijar wannan siffa ta alhazai ƙalilan ce. Ga sauran jama'a ƙafa ita ce jari, kuma dokar da ta tsai da ƙafa ba ta ɗorewa sai gwargwadon abin da ke cikin rumbu. Inda gwamnati ta ga fushin jama'a da idonta, watau a Yamai, ta janye cikin mako 7. Inda wahalar ta watsu cikin ƙauyukan bakin iyaka, doka ta yi wata 15, tana aiki a bakin shinge kaɗai.

Rufe iyaka ya sake dawowa a 2023, bayan juyin mulkin ran 26 ga watan Yuli, har zuwa watan Maris 2024 a ɓangaren Najeriya. Ke nan tun daga 1984 an rufe hanyar Maraɗi da Katsina saboda canjin kuɗi, da shinkafa, da cuta, da siyasa. Masu tsara yaƙi da jahilci suna da rabonsu cikin wannan tarihi. Karanta rasit, rubuta lambar waya, riƙe littafin bashi da cika takardar izini su ne suka raba wanda ya ci gaba da ciniki a 2020 da wanda ya zauna. Darussan manya da aka gina bisa waɗannan abubuwa, da takardun hukuma da aka buga da Hausa gefe da gefe da Faransanci, za su rage wa mai buhu 2 asara ran da aka sake cewa kaya su wuce mutum ya tsaya.